Yadda wani mai ɗinkin babbar riga a Zariya ya ceto hotunansa daga shafin da ba shi da mabuɗinsa

Asali: 2018 zuwa 2023

Mutumin da wannan bayani ya shafa dattijo ne mai shekara hamsin da 'yan kai, yana da shagon ɗinkin manyan riguna a cikin Birnin Zariya, ba nisa da Ƙofar Doka. Yanzu ba ya zama da allura da kansa. Aikinsa shi ne ya karɓi shadda daga hannun mai riga, ya yanka, ya kai wa mai zane ya zana aska biyu ko aska takwas ko duk abin da aka zaɓa, sannan ya rarraba wa masu ɗinkin hannu, waɗanda da yawansu mata ne da ke aikin a cikin gidajensu. Riga mai cikakken aiki takan ci watanni. In ta dawo aka haɗa ta, aka kai wa mabuga, sai a ɗauke ta hoto kafin mai ita ya zo ya tafi da abarsa. Daga ranar, hoton kaɗai ke rage wa shagon.

Shi ya sa a wannan sana'a hoto ya wuce talla. Da shi ake ciniki, domin mai riga yakan ce "irin wadda ka yi wa wane nake so, amma a rage tambarin baya." Da shi mai zane ke tuna yadda ya juya wani zane shekara biyar da suka wuce. Da shi ake raba gardama in an ce zaren da aka sa ba shi aka yi alkawari ba. Duk waɗannan suna bukatar hoton da za a iya buɗa shi a ga sawun allura ɗaya bayan ɗaya.

A 2018 ɗan ƙanwarsa, wanda a lokacin yake karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ya gina masa shafin intanet da manhajar WordPress, da adireshi mai ƙarewa da .com.ng. Yaron mai tsari ne. Kowane hoto ya ɗora sai ya rubuta sunan zanen, da irin shaddar, da unguwar da aka yi ɗinkin, da harufan farko na sunan wadda ta ɗinka. Ya ci gaba da haka har bayan ya gama makaranta. A ƙarshen 2023 ya rasu a haɗarin mota, Allah ya jiƙansa. Laftof ɗinsa ta lalace a haɗarin. Kalmar sirrin shafin, da imel ɗin da aka yi rajista da shi, duk a wurinsa suke. Shafin bai tsaya ba, domin ashe ya biya kuɗin shekaru a gaba, kuma a cikin iyalin ba wanda zuciyarsa ta kai ga tambayar batun.

Disamba 2024: wayar ta ɓace

An zare wa Alhaji, wato mai shagon, waya daga aljihu a cunkoson wani ɗaurin aure. Ya karɓo layinsa cikin kwanaki, amma hotunan ba su dawo ba. Ma'ajiyarsa ta Google, wadda ke ba da gigabayit 15 kyauta, ta cika tun tuni, kuma wayar ta daina ajiye komai a can ba tare da ya kula ba. Abin da ya rage na aikin shekara shida shi ne abin da ke kan shafin.

Azumi na tafe a farkon Maris 2025, kuma kowa ya san daga watan Sha'aban zuwa jajibirin Sallah shi ne kakar masu ɗinki, balle a Zariya inda hawan Sallah ke fito da manyan riguna. Alhaji na son kundin hotuna bugagge da zai ajiye a shago. A lokacin bai san cewa shafin ma kwanansa ƙirgagge ne ba.

Janairu 2025: saukewa ɗaya-ɗaya a waya

Yaron shagonsa ne ya fara. Yana buɗe shafin a waya, ya danna hoto ya riƙe, ya zaɓi saukewa. A sati biyu, tsakanin aike da guga, ya tara hoto kusan 200. Da ya gaji, ya sauko da wata manhaja ta kyauta da ta yi alkawarin kwashe duk hotunan shafi a danni ɗaya. Ta nemi izinin shiga lambobin wayarsa, tana katse aiki da tallan bidiyo, kuma tallan na cin data daidai lokacin da ake maganar ƙarin kuɗi, domin a watan ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data. Abin da manhajar ta kwaso ya haɗa da tambarin shagon, da alamar Facebook, da ƙananan hotunan gefen shafi.

Aka kai wa mai buga takardu a Sabon Gari. Ya dawo da abubuwa biyu. Na farko, da yawa daga fayilolin ƙirar WebP ne, wadda Google ta fito da ita a 2010 don rage nauyin shafi, kuma tsohuwar manhajar da yake aiki da ita ba ta buɗe su. Wannan mai sauƙi ne, ana iya juya su. Na biyu shi ne mai nauyi: faɗin hotunan fiksel 300 ne, wasu 768, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Ke nan hoto mai fiksel 300 zai fito da kyau ne a faɗin inci ɗaya tak, wato santimita biyu da rabi, mai 768 kuma kimanin santimita shida da rabi. Ya gwada buga ɗaya a cikar takardar A4 don Alhaji ya gani da idonsa. Aska takwas ta fito, ana gane ta daga nesa, amma ɗinkin ya narke ya zama dabbare-dabbare.

Alhaji ya ɗauka haka hotunan suke tun asali, ya kusa haƙura.

Farkon Fabrairu: ƙarin manhajar burauza a bizines senta

Mai bugun ne ya tura su wurin wani matashi mai bizines senta a Tudun Wada, wajen Kongo. Matashin ya sa wa burauzar kwamfutarsa ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin da ke jera duk hotunan da ke shafin da aka buɗe, su bar mutum ya tace da girma. Wannan ya kawar da tarkacen tambura. Amma a shafin da ya kamata a ga riguna sama da ɗari, sai ta nuna 24.

Dalili shi ne yadda aka gina rumbun hotunan. Yana nuna 24 na farko, sauran sai an danna maɓallin neman ƙari, sannan ya je ya ɗauko. Manhajar tana ganin abin da burauza ta riga ta karɓa ne kawai. Da suka gane haka sai suka dinga danna maɓallin har ƙasa kafin su sa ta aiki. Adadi ya ƙaru sosai. Girma kuwa bai wuce fiksel 1,024 ba, wanda suka samu in aka buɗe shafin kowace riga ita kaɗai.

Mafi muhimmancin abin da ya faru a wannan zama ba saukewa ba ne. Matashin ya duba rajistar adireshin shafin a WHOIS, inda kowa ke iya ganin ranar da adireshi zai ƙare. Tsakiyar Afrilu 2025 ya gani. Kuɗin wurin da aka ajiye shafin lissafi ne daban, kuma babu hanyar ganin ranarsa daga waje, yana iya riga adireshin ƙarewa. Aka rubuta wa kamfanin da ya yi rajistar. Suka amsa cewa sai an kawo shaidar rasuwa da takardar da ke nuna mai neman yana da hurumi, wanda daidai ne su nema, sai dai haɗa takardun ba aikin sati ɗaya ba ne.

Tsakiyar Fabrairu: kwafe shafin gaba ɗaya

Ganin lokaci ya ƙure, matashin ya ce a kwafe shafin dungum. Ya yi amfani da HTTrack, manhajar kyauta da Xavier Roche ya fito da ita a 1998. Aikinta shi ne ta fara daga shafin farko, ta bi kowace mahaɗa da ta tarar, tana ajiye abin da ta samu. Don a gama kafin man janareta ya ƙare, ya ƙara yawan buƙatun da take aikawa a lokaci guda. Ba a jima ba kwamfutar da ke riƙe da shafin ta fara mayar da lamba 429, wato buƙatu sun yi yawa, daga nan ta toshe su na wasu sa'o'i. Hankalin Alhaji ya tashi ƙwarai a yammacin nan, ya ɗauka shafin ne ya rufe.

Washegari aka rage gudu, aikin ya kammala. An samu dubban fayiloli, amma riga ɗaya takan fito sau huɗu ko biyar da girma daban-daban, kuma duk rigar da ke ɓoye bayan maɓallin neman ƙari, wadda babu wata mahaɗa zuwa gare ta a wani wuri, ba ta zo ba, domin HTTrack ba ta danna maɓalli irin wannan. Babu hoto ko ɗaya da ya fi waɗanda ake da su girma. Ta yi abin da aka gina ta don shi: ta kwafe abin da shafukan ke nunawa.

An kuma leƙa Wayback Machine, ma'ajiyar tsoffin shafuka ta Internet Archive da aka buɗe wa jama'a a 2001. Ta taɓa ɗaukar shafin farko 'yan lokuta, da ƙananan hotunansa, ba ta shiga ciki ba.

Amfanin wannan mataki bai bayyana ba sai daga baya: sunayen fayilolin da ya tara.

Ƙarshen Fabrairu: an duba sunayen fayiloli

Ƙanwar marigayin, wadda ke karatun kimiyyar kwamfuta, ta dawo daga aikin sanin makama a Kaduna. Ba a sa ta a maganar tun farko ba don kada a fama mata ciwo. Ita ta ji a bakin mahaifiyarta, ta zo shagon da kanta.

"Kawu, me ya sa ba a kira ni ba? Ai aikin Yaya ne."

"'Yata, ban so in tayar miki da abin da ya kwanta ba ne."

Ta karɓi filashin da aka zuba kwafin a ciki. Ba ta buɗe hotunan ba, sunayensu ta bi. Ta ga duk suna cikin folda mai suna wp-content/uploads, a jere shekara-shekara da wata-wata, kuma kowane suna na da wutsiya: aska-takwas-fara-300x200.jpg, aska-takwas-fara-768x512.jpg, aska-takwas-fara-1024x683.jpg. Ta ɗauki adireshin ɗaya, ta goge wutsiyar lambobin, ta buɗe a burauza. Hoton da ya fito faɗinsa fiksel 4,000 ne. Ta buɗa shi a kan ƙirjin rigar, ta miƙa wa kawunta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya faɗi sunan matar da ta yi ɗinkin, ya ce daga yadda ta ɗaure bakin linzami ya gane hannunta.

Ga abin da ke faruwa. Duk hoton da aka ɗora a WordPress, manhajar takan yanko masa ƙanana: mai fiksel 150, mai 300, mai 768, mai 1,024. Waɗannan ake nuna wa baƙo don shafi ya buɗe da sauri, wanda alheri ne ga mai ƙaramar data. Na asalin yana nan ajiye ba a taɓa shi ba. Shafin kamar gaban shago ne inda aka rataye samfur, kayan kuwa suna cikin sito, kuma duk manhajojin da aka gwada a baya a gaban shagon suka tsaya. Tun daga WordPress 5.3 na Nuwamba 2019 an ƙara wani abu: hoton da ya wuce fiksel 2,560 ana rage shi a liƙa masa wutsiyar -scaled, amma shi ma na asalinsa na nan in an goge wutsiyar.

Da goge wutsiya kaɗai za a iya ceto duk rigar da HTTrack ta gano. Saura waɗanda ba ta gani ba. A nan ta bi wata ƙofa da WordPress ke da ita tun fitowar 4.7 a Disamba 2016, wadda aka yi don manhajoji su yi magana da shafi. In aka rubuta /wp-json/wp/v2/media bayan adireshin shafi, yakan bayar da jerin hotunan da ke buɗe ga jama'a, ɗari-ɗari a kowane shafi in an nema, da cikakken adireshin kowanne, da sunan fayil ɗinsa na asali, da bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Ba fasa ƙofa ba ne, ba a bukatar kalmar sirri. Wasu masu shafi kan rufe ta. Yayanta bai rufe ba.

Jerin ya nuna hotuna sun ɗan haura 1,800. A zama ɗaya ta sauke jerin, ta ware adireshin hotunan asali a fayil guda, ta zuba bayanan da yayanta ya rubuta a jadawali.

1 zuwa 8 ga Maris: saukewa a hankali

Ranar Asabar 1 ga Maris aka tashi da azumi. Ta yi aikin da wget, tsohuwar manhajar saukewa da ta samo asali tun 1996, wadda ba ta da maɓalli ko ɗaya sai umarni a rubuce. Umarni huɗu ta ba ta: -i don ta karanta adireshi daga fayil ɗin jerin, -x don ta ajiye kowane hoto a foldar shekararsa da watansa, --wait=2 don ta jira daƙiƙa biyu tsakanin hoto da hoto, da -c don in aiki ya katse ta ɗora daga inda ta tsaya.

Na uku ya hana a sake toshe su. Na huɗu ya fi kowanne amfani a inda wuta ke zuwa ta tafi: in batirin laftof ya mutu ko sabis ya ɗauke, babu abin da ake maimaitawa. Tana sayen datar dare mai rahusa, ta kunna aikin bayan asham, ta duba da sahur. Jimillar abin da aka sauke ya kai kimanin gigabayit 5, kuma sun zo a JPEG, wanda mai bugu ke buɗewa ba gardama.

Ta yi kwafi uku: a laftof ɗinta, a filashi da ke hannun Alhaji, da sabuwar ma'ajiyar intanet da aka buɗe da imel ɗinsa. Kalmar sirrin an rubuta ta a takarda, ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin uwargidansa.

Maris zuwa Afrilu: abin da aka samu da abin da aka rasa

Hotuna kusan 1,100 sun zo da cikakken girmansu, fiksel 3,000 zuwa 4,000, waɗanda ke cika A4 da kyau. Kimanin 600, galibi na 2018 da 2019, sun zo ƙanana ko a asalinsu. A shekarun Alhaji ta WhatsApp yake tura wa yaron hotuna, WhatsApp kuwa na matse hoto sai in an tura shi a matsayin fayil, zaɓin HD ma bai zo ba sai 2023. Waɗannan ba wata manhaja da za ta mayar musu da abin da aka zubar, sai aka buga su huɗu-huɗu a takarda. Wasu kimanin 60 jerin ya ƙirga su amma bai bayar da su ba, domin suna haɗe da rubuce-rubucen da marigayin ya fara bai wallafa ba. Su ne rigunan watanninsa na ƙarshe. Sauran maimaici ne da tambura.

An zaɓi riguna 150 aka buga kundi, ya iso shago a tsakiyar azumi. Ya makara ga manyan rigunan Sallar 30 ga Maris, amma ya yi aiki a cinikin babbar Sallah. Hotunan da fuskar mai riga ta fito a ciki Alhaji ya ce a ware su, ba za a buga ba sai an tambayi masu su. Jadawalin bayanan kuma ya zama littafin aiki: mai zane na neman zane da sunansa, Alhaji na duba wace unguwa ce ta saba da wane irin aiki.

Takardun da kamfanin rajista ya nema ba su kammala kafin wa'adi ba. A tsakiyar Afrilu shafin ya daina buɗewa, hotuna 60 ɗin nan suka tafi tare da shi.

Hukunci

A ganina wata biyu aka ɓata ana neman manhajar da ta fi ƙarfi, alhali ƙarfi ba shi ne abin da ya rasa ba. Danna-riƙe a waya, ƙarin manhajar burauza, da HTTrack, duk tambaya ɗaya suke yi: me wannan shafi ke nunawa? Tambayar da ta dace da bukatar Alhaji ita ce ina hoton asali yake kwance. Amsarta na rubuce a sunan fayil na farko da yaron shago ya sauke a Janairu, wutsiyar -300x200 na nan a jikinsa. Wget ba ta fi sauran wayo ba, hasali ma ta fi su rashin ado. Ta yi nasara ne don an miƙa mata jerin da ya dace, an kuma hana ta gaggawa.

Ban ga laifin waɗanda suka gwada a baya ba. Matashin Tudun Wada shi ya gano ranar ƙarewar adireshin, kuma ba don kwafin da ya yi ba da sunayen fayilolin ba su taru a wuri ɗaya har a ga tsarinsu ba. Matakin da na ɗauka hasara ce zalla shi ne manhajar waya mai neman lambobin mutane. Babban jinkirin kuma bai shafi kwamfuta ba: da an rubuta wa kamfanin rajista tun farkon 2024, da wuya a rasa hotunan ƙarshe, kuma da an kira ƙanwar tun Disamba da kundin ya riski cinikin ƙaramar Sallah. Kara da tausayi ne suka hana, ba sakaci ba, amma sun ci hoto sittin.

Akwai kuma abin da bai kamata a tsallake ba. Ƙofar da aka bi a buɗe take ga kowa tsawon shekarun nan, duk wani mai ɗinki a Kano ko Bida da ya san ta zai iya kwashe zanukan shagon da cikakken girmansu. A wannan lamari kayan na Alhaji ne, shi ya sa aka ɗinka, shi ya ɗauki hotunan. A shafin wani kuwa, buɗewar ƙofa ba izini ba ce, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta shafi hotuna. Da aka zo gina sabon shafi a watan Mayu, ƙanwar ta ɗora hotunan da ba su wuce fiksel 1,200 ba, na asali suka zauna a gida, aka kuma yi rajistar adireshin da sunan Alhaji da imel ɗinsa.